Jitar Selmer-Maccaferri: yadda ake samunta, a daidaita ta, a kuma kiyaye ta

Selmer-Maccaferri jita ce ta katako wadda ba ta aiki da lantarki. Kamfanin Henri Selmer na ƙasar Faransa ne ya ƙera ta tsakanin 1932 da 1952, kuma duka waɗanda aka yi ba su kai 1,000 ba. Ƙarancinta, da sunan Django Reinhardt da ke manne da ita, sun sa kuɗin ta asali kan kai dubban gomomin Yuro. Saboda haka masana ke bin ƙa'ida ɗaya a kanta: duk gyaran da ba za a iya warware shi ba, ba a yin sa.

Asalinta

Mario Maccaferri, makaɗi kuma maƙerin jita ɗan Italiya da aka haifa a 1900, shi ne ya zana samfurin farko. Wannan samfuri yana da babban baki mai siffar harafin D, wanda Faransawa ke kira "grande bouche", kuma an sa wa da dama daga cikinsu wani ƙaramin akwati a ciki domin ƙara sauti. Maccaferri bai daɗe da kamfanin ba suka rabu. Daga baya Selmer ya fito da samfuri mai ƙaramin baki kamar ƙwai, wato "petite bouche", mai dogon wuya, tsawon tsirkiyarsa milimita 670.

Wannan na biyun ne Django Reinhardt, wanda ya rayu daga 1910 zuwa 1953, ya fi shahara da shi a kiɗan jaz. A zamanin da jita ba ta da amsa-kuwwa, kaifin muryarta ya sa ana jin ta a cikin taron makaɗa. Jitarsa mai lamba 503 tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na birnin Paris.

Abin da ya bambanta ta

Fuskarta ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, an ɗan lanƙwasa katakon ya yi tozo. Bayanta da gefunanta kuwa falle-fallen katako ne da aka manne wuri ɗaya. Jakinta, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, ba a manne shi da gam ba: nauyin tsirkiyoyin ne kawai ke danne shi. A gefensa na dama da na hagu akwai 'yan katakai biyu da aka manne, ana kiransu gashin baki. Tsirkiyoyin suna ƙarewa ne a wani ƙarfe da ke ƙasan jitar. Haka kuma wuyan ta asali ba shi da ƙarfen da ake murɗawa a miƙe shi kamar na jitocin zamani, don haka in ya karkace, aikin ƙwararre ne.

Yadda ake samunta

Ta asali takan fito ne a shagunan tsofaffin kayan kiɗa da wuraren gwanjo, galibi a Turai da Amurka. Mai saye yana duba tambarin Selmer a kan jitar, da takardar da ke manne a cikinta mai ɗauke da lamba. Littafin François Charle kan tarihin waɗannan jitoci yana da jerin lambobin, kuma da shi ake gwada su. Wannan kaɗai bai isa ba, domin ana iya manna takardar gaske a jikin jabu. Dole a samu rahoton maƙeri mai zaman kansa da zai faɗi ko an taɓa sauya fuska ko wuya, ko an sake shafe ta, da wuraren da ta taɓa tsagewa.

Akwai kuma batun tsallake iyaka. Yarjejeniyar CITES tana sa ido kan cinikin katakon Dalbergia, wanda ake kira "palissandre" da Faransanci. Nau'insa na Birazil yana ƙarƙashin tsauraran matakai tun 1992, kuma jitar da ke ɗauke da shi tana buƙatar takardun izini kafin ta fita daga wata ƙasa zuwa wata. Sauran nau'o'in sun shiga jerin a 2017, amma a 2019 an sassauta wa kayan kiɗa da aka riga aka ƙera. Rashin takarda na iya sa kwastan su ƙwace ta.

Wanda bai da halin ta asali yana da zaɓi. Maƙera irin su Busato da Di Mauro da Jacques Favino sun yi irinta a Paris, Maurice Dupont ma yana ƙera ta a yankin Cognac. Akwai kuma masu rahusa na masana'anta, kamar Gitane da Cigano.

Daidaitawa

An yi wannan jita ne don tsirkiya marar nauyi. Wadda aka saba sa mata ita ce Argentine ta kamfanin Savarez, mai zaren ƙarfe a ciki da aka naɗe da tagulla mai ruwan azurfa. Tsirkiya mai kauri irin ta sauran jitoci tana danne fuskar fiye da kima, har tozon ya lotsa. Ana sauya su ɗaya bayan ɗaya domin kada jaki ya gusa.

Tazarar tsirkiya da wuya takan kai kusan milimita 3 a gaɓa ta 12, wato ta ɗan fi ta jitar da aka saba gani, saboda ana kaɗa ta da ƙarfi. In tazarar ta yi ƙasa, sai a sa siririn katako ƙarƙashin ƙafafun jaki. In ta yi sama, ba a kankare jakin asali: a ajiye shi, a sa wani da aka sassaƙa daidai. Ana gane jaki yana mazauninsa ne idan sautin gaɓa ta 12 ya zo daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tsayi da zango ɗaya cif. Idan ya zarce, a ɗan ja jakin baya.

Mayar da ita ta mai ita

Makaɗi yana da damar sauya abubuwa da yawa ba tare da taɓa jikin jitar ba: kaurin tsirkiya, tsayin jaki, da fallen kaɗawa, wanda a wannan salon yakan yi kauri sosai. A da ana yin sa da ƙwaryar kunkurun teku, amma yanzu an haramta cinikinta. Mai son ƙara sauti zai iya maƙala na'urar ɗaukar sauti irin Stimer, wadda Django ya yi amfani da ita a ƙarshen rayuwarsa, domin ana iya cire ta. Huda jiki, rubuta suna a fuska, ko sake shafe ta, duk suna zubar da darajarta. Duk abin da aka cire, ko da ɗan ƙusa ne, a adana shi.

Yanayi

Katakon jita ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A ƙasashen Sahel iskar hunturu tana yin ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sai katako ya tsuke, fuska ta tsage. Da damina kuma ya kumbura, tsirkiya ta tashi. Maganin shi ne a riƙa ajiye ta cikin akwatinta tare da ma'aunin danshi da ɗan soso mai laima wanda bai taɓa katakon ba, a nisanta ta da rana da cikin mota. Makaɗa da yawa kan tanadi jaki biyu, dogo na rani da gajere na damina.