Dokin Ƙarfe Da Ruwan Randa

 Yau hirar tamu ta matafiya ce, irin mutanen nan da kan ɗaure guzuri a kariyar keke su bar ƙasarsu su ratsa ƙasar wasu. Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana da keke, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da dalili? Ki dai bi ni a sannu 'yar uwa, za ki ga da hannunki dumu-dumu a cikin lamarin.

A ƙarshen shekarar 2022 labari ya bazu cewa wani matashi ɗan garin Jos ya isa ƙasar Saudiyya a kan keke. Tun farkon 2021 ya bar gida, ya bi ta Nijar da Chadi da Sudan, sai da ya kusa shekara biyu a hanya kafin ya taka ƙasa mai tsarki. Mutane suka yi ta mamaki, wasu na sa albarka, wasu na cewa ai wannan ganganci ne. Amma duk wanda ya san tarihin ƙasarmu ta Wurno da Rabah da Goronyo ya san sawun kakanni yaron ya bi, abin hawa ne kawai ya sauya.

Shi keke irin wanda muka sani, mai taya biyu daidai wa daida da sarƙa, a Ingila aka fito da shi a 1885, taya mai iska kuma ta biyo baya a 1888. Zamanin Turawa ya iso mana, har ya zama abin taƙama. Iyayenmu kan ba da labarin lokacin da saurayi in ya sayi sabon Raleigh, ya sa masa fitila da ƙararrawa, to zance ya ƙare a dandali. Ga matafiyi kuwa keke abokin arziki ne. Ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai, famfo da ɗan faci da sifana sun ishe shi. Aibinsa ɗaya ne, ba ya ɗaukar kaya da yawa. Ruwan da mai keke zai ɗaura a kariya da ƙyar ya kai shi yini biyu. In ya ƙare, dole ya jingine dokin ƙarfensa a ƙofar wani gida ya yi sallama. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗan Nijeriya da ya fara yin suna da irin wannan tafiya wani Bayarabe ne, Olabisi Ajala. A 1952, yana ɗalibi a Amurka, ya tuƙa keke daga birnin Chikago zuwa Los Anjalis, mil fiye da dubu biyu cikin kwana 28, sanye da babbar rigarsa ta gida, don ya nuna wa Amurkawa cewa mutanen Afirka suna da sutura da mutunci. Har yau in mutum ya cika yawo Yarabawa kan kira shi Ajala. Mata ma ba a bar su a baya ba. A 1963 wata Baturiya mai suna Dervla Murphy ta hau keke daga Turai har Indiya, ta ratsa Iran da Afganistan da Pakistan ita kaɗai. A gidajen Musulmi talakawa ta yi ta samun abinci da wurin kwana, mutanen da ba su san ta ba, ba su kuma jin harshenta.

To mu dawo gida. Garin Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. A 1853, zamanin ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka a Wurno bayan ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus. Aka ba shi masauki, aka ba shi takardar amana ya wuce Timbuktu. Da ya dawo a 1854 sai atuni ya kwantar da shi a Wurno, har abin ya yi tsanani. Shi da kansa ya rubuta cewa abin da ya taimaka masa ya miƙe shi ne dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa. Littafinsa ya zagaya duniya, sunansa ya shiga tarihi. Amma ke ma kin san hannun da ke daka shinkafa a Wurno, kin san hannun da ke kaɗa nono. Matafiyi ya samu suna, mai turmi ta samu lada.

Tafiya mafi girma da ta taɓa tashi daga ƙasar nan kuwa ita ce ta 1903. A watan Maris na shekarar Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira. Jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, maza da mata da yara. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yanzu, Turawa suka cim masa, ya yi shahada a watan Yuli tare da ɗimbin mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka kai ƙasar Sudan. A bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar, suka kafa gari, garin kuma ya ɗauki sunansa, Mai Wurno. Kin ga ke nan sunan Wurno ya riga keken ɗan Jos isa Sudan da shekara fiye da ɗari, kuma a ƙafa ya je.

Wannan hanya ta gabas ita ce hanyar alhazan ƙasa. Daga Sakkwato a bi ta Kano da Barno, a shiga ƙasar Chadi, a wuce Abeshe, a faɗa Darfur, a yi ta tafiya har bakin Bahar Maliya a Sawakin, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu kan yi shekara biyu, wasu bakwai, wasu har abada ba su dawo ba. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a nemi na gaba. Bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira sun sha gumin mutanenmu, maza na noma, mata na tsinkar auduga.

Mu ɗan tsaya kan matan nan, don su ne tarihi ya fi mantawa da su. Tun kafin a tashi mace ce ke haɗa guzuri: ta soya gyaɗa, ta yi dakuwa da ƙuli-ƙuli, ta shanya kuka da kuɓewa, ta ƙulla daddawa. A hanya ga goyo a baya, ga tukunya a ka. In an sauka zango namiji ya miƙe ƙafa, ita kuwa a lokacin aikinta ke farawa, neman ice, neman ruwa, hura wuta. In zaman ya yi tsawo ta kafa kasko a bakin kasuwar garin da ba ta jin yarensu, ta soya ƙosai da waina, da ribar a sayi hatsin zango na gaba. Wata a hanya ta haihu, wata a hanya ta binne ɗanta, ta share hawaye ta bi ayari. A ɗaya gefen kuma akwai matan garuruwan da ake ratsawa, waɗanda ke aiko yaro da ƙwaryar ruwa da ɗan tuwo ga baƙin da ba su taɓa gani ba. Ba don su ba, wallahi da ayari da yawa bai kai ko rabin hanya ba.

Daga baya jirgin sama ya zo ya naɗe hanyar. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, a jirgi ya yi hajjinsa na 1955, tafiyar shekaru ta koma ta kwanaki. Wannan ni'ima ce, mun gode Allah. Sai dai mai jirgi ba ya sallama a ƙofar kowa. Mai keke shi ne ya rage yana tuna mana yadda tafiya take tun asali, daga randa zuwa randa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne halin da hanyoyinmu suka shiga. A watan Oktoba na 2021, lokacin da ɗan Jos ke kan kekensa a ƙasashen mutane, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane da dama. Ƙauyukan Rabah da Wurno su ma sun ɗanɗani irin wannan baƙin ciki. A watan Afrilu na 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, watanni kaɗan bayan wucewarsa, ya lalata hanyar da ya bi. Tsoro ya shiga zukata, kuma da dalilinsa. Baƙuwar fuska in ta yi sallama, abin da kan fara zuwa rai shi ne, anya ba ɗan leƙen asiri ba ne?

Ni dai ban ce ki saki jiki ba uwargida. Kakanninmu ma ba su shigar da baƙo cikin gida ba, shi ya sa suka gina zaure. Baƙo na zaure, mai gida ko mai unguwa ya san da zuwansa, ke kina cikin gidanki da mutuncinki, ƙwarya ce kawai ke fita. Abin da nake jin tsoro shi ne yaranmu su tashi ba su taɓa ganin an aike su da ruwa wurin baƙo ba, su ɗauka cewa duk wanda ba su sani ba abokin gaba ne. Ranar da hakan ta tabbata, ko an kori ɓarayi daga daji hanya ba za ta buɗe ba, don masu buɗe ta sun manta yadda ake yi.

Ki kuma tuna da naki. Gida nawa ne a ƙasar nan babu ɗan cirani? Mijinki ko ƙanenki ko ɗanki da ya tafi Legas ko Agadas neman abin rufin asiri, a can shi ma baƙuwar fuska ne. Ruwan da zai sha yau daga randar wata mace zai fito, wadda ba ki san ta ba, ba za ki taɓa yi mata godiya ba. Hanyar biyanta ɗaya ce, ki shayar da ɗan wata. Hausawa suka ce baƙonka Annabinka, suka kuma ce alheri gadon barci ne.

Saboda haka 'yar uwa, in kin wanke randa da safe ki cika ta har baki, ki ware kofi mai tsabta guda ɗaya na zaure. Ke kuma budurwa, ki koyi wannan tun a ɗakin uwarki, ki tafi da shi ɗakinki tare da kwalla da samira.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Burmi da waɗanda hanya ta riƙe. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da Sudan baki ɗaya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin summa amin.