Mudun Auna Jami'o'in Afirka: Asalinsa da Matsayin Kano

Duk shekara wajen ƙarshen damina, wata mujalla da ke Landan mai suna Times Higher Education kan fitar da jerin jami'o'in duniya, daga ta ɗaya har zuwa waɗanda ke can ƙasa. Kafin a ce kwabo labari ya iso Kano, gidajen rediyo sun ɗauka, ana ta tura wa juna a waya, kowa na tambaya: Jami'ar Bayero ta zo ta nawa a Najeriya, ta nawa a Afirka? Garin da ake yi wa kirari da "ko da me ka zo an fi ka" ba ya jin daɗin ganin sunansa a ƙasa da na wani. Amma kafin murna ko ɓacin rai, ya kamata a san mudun da ake wannan awo da shi, da wanda ya sassaƙa shi, da abin da ya sa ya sassaƙa.

Jera masu ilimi daraja-daraja ba baƙon abu ba ne a cikin ganuwar Kano. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan alaramma da gwani, kuma ba a kiran mutum gwani sai an gwada shi a gaban na gaba da shi. A zauren ilimi kuwa littattafai ne matakala: Ahlari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har a kai Muhtasar. Idan ana son sanin nauyin malami, tambayoyi biyu ake yi: a wurin wa ya yi karatu, kuma su wa ya yaye? Amsar ta farko tana cikin ijazar da malaminsa ya ba shi, wadda ke jero sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya har zuwa mawallafin littafin. Amsar ta biyu kuwa duk gari ya san ta.

Unguwanni ma suna da martabarsu. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma da su ake danganta makarantar Madabo, wadda ta shahara da karatun Muhtasar, har shugabanta ake kira Babban Malami na Madabo. A zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, Shehu Magili ya sauka a birnin, ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba a kan masu mulki, zuriyarsa kuma suna nan a Sharifai. Da aka shigo ƙarni na 20 sai Malam Muhammadu Salga, wanda shi ma ɗalibin Madabo ne, ya saɓa wa malamansa a kan wasu al'adun da ake yi bayan mutuwa, ya kafa tasa makarantar. Daga cikinta aka sami irin su Malam Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari da Malam Sani Kafinga. Gasa ce ta gaske tsakanin Madabawa da Salgawa, da rubuce-rubuce da martani, kuma ɗalibai daga Borno, Zazzau, Damagaram da Gwanja da ƙafafunsu suke yanke hukunci, su nufi zauren da suka ji labarin ya fi albarka. Na tsaya a nan ne don a lura da abu guda: wancan mudu namu mutum yake aunawa, malami da almajirinsa, ba gini ko hukuma ba.

Ita kanta Jami'ar Bayero daga cikin birni ta tsiro. A 1928 aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci, a 1934 kuma aka kafa makarantar horar da alƙalai ta lardunan Arewa, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ya sani da SAS. Shehu Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka yi karatu a can. A harabarta ne, kusa da fadar sarki, aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna Ahmadu Bello, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen ta Zariya. A 1964 ta fara karatun digiri da ɗalibai goma kacal a tsohon otal ɗin filin jirgin sama, daga baya ta koma bakin ganuwa tsakanin Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya, inda yanzu ake kira tsohuwar jami'a. A 1977 ta tsaya da ƙafarta, Dakta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ke jera jami'o'in Afirka da lamba. An dai san Ibadan ta 1948 da Makerere ta Yuganda da Fourah Bay ta Saliyo da Azhar ta Masar, ana girmama su don suna da tarihi da ingancin waɗanda suka yaye.

Jerin da muke gani yau ya samo asali ne daga Amurka, inda mujallar U.S. News ta fara jera kwalejojin ƙasar a 1983 ta hanyar tambayar shugabanninsu wace ce ta fi a ganinsu. Ciniki ne, domin iyaye masu biyan kuɗin makaranta da tsada suna son jagora, mujalla kuma tana son kasuwa. Na duniya baki ɗaya kuwa daga Sin ya fito. A 1998 gwamnatin ƙasar ta ƙuduri gina jami'o'in da za su goga kafaɗa da na Turai da Amurka, sai wasu malamai a Jami'ar Jiao Tong ta birnin Shanghai, ƙarƙashin Farfesa Liu Niancai, suka zauna auna tazarar da ke tsakaninsu da waɗancan. A 2003 suka fitar da sakamakon. Abin da suka ƙirga shi ne masu lambar yabo ta Nobel da ta Fields, da malaman da aka fi ambaton bincikensu, da maƙalun da suka fito a mujallun Nature da Science. Shekara guda bayan haka, a 2004, Times Higher Education da kamfanin QS suka fito da nasu na haɗin gwiwa, suka rabu a 2009 kowa ya kama gabansa. A 2004 ɗin dai wata cibiyar bincike ta ƙasar Sifaniya ta fara Webometrics, wanda ke fita sau biyu a shekara, yana duba yadda jami'a ta bayyana a intanet. Shi ya fi kowanne ɗaukar jami'o'i da yawa, don haka da shi jaridunmu suka daɗe suna kafa kanun labarai, sau da yawa ba tare da sun bayyana wa mai karatu abin da aka auna ba.

Ka ga ke nan babu ko ɗaya daga cikinsu da aka yi don Afirka. Da aka ɗora jami'o'inmu a kai, sakamakon bai ba kowa mamaki ba. Jami'ar Cape Town, wadda tushenta ya koma 1829, ita ce kusan kullum a gaba, sai 'yan uwanta na Afirka ta Kudu irin su Witwatersrand da Stellenbosch da Pretoria, sai na Masar. Dalili a fili yake. Waɗannan jami'o'i sun ci gajiyar arzikin zinariya da lu'ulu'u, mulkin wariyar launin fata kuma ya fifita makarantun Turawa da kuɗi shekara da shekaru. Ban da haka gwamnatin ƙasar tana biyan jami'a tallafi a kan kowace maƙalar da malaminta ya buga a mujallar da aka amince da ita. Najeriya ba ta leƙa jerin Times na duniya ba sai a na 2016, lokacin da Ibadan ta shiga ita kaɗai.

A gida, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fara nata jerin a farkon shekarun 2000 a zamanin Farfesa Peter Okebukola. Da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2010 zuwa 2015, ya karɓi ragamar hukumar a 2016, aka matsa wa jami'o'i su riƙa tattara alƙalumansu suna miƙawa, domin Times ba ta saka jami'ar da ba ta aiko da bayananta ba. A jerin 2023, wanda ya fito a Oktoban 2022, Bayero tana rukunin 1001 zuwa 1200 a duniya, Ibadan da Legas na rukunin 401 zuwa 500. A wannan watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta janye yajin aikin da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Iyayen da 'ya'yansu suka zauna a gida tun Fabrairu sun ji labarin matsayin, amma babu inda jerin ya nuna musu watannin da suka salwanta.

Wannan shi ne babban gibin mudun. Yana ƙirga maƙalun da ke cikin rumbun Scopus, wanda mafi yawansa Ingilishi ne. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006 bayan aikin shekaru masu yawa, ba shi da wani nauyi a wannan sikeli. Haka littafin da malami ya rubuta da Larabci, haka aikin tace rubutattun littattafan da ke jibge a gidajen malaman birni, haka alƙalai da malaman makaranta da likitocin da jami'ar ta watsa a ƙauyukan Arewa. Babban kaso na makin kuma daga ƙuri'ar jin ra'ayin malaman duniya yake zuwa, kuma mutum wanda ya sani yake zaɓa. Shi ya sa Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta ƙi shiga, Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ma ta janye a 2023. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta fito da nata tsarin mai suna AQRM, wanda jami'a ke auna kanta da manufarta maimakon a jera ta da wasu. Ita ma Times ta ji ƙorafin, domin a Yunin 2023, a Jami'ar Ashesi ta ƙasar Gana, ta ƙaddamar da jeri na musamman na Afirka kudu da Sahara mai ɗauke da jami'o'i 88. A cikinsa an tambayi ɗalibai da kansu, an duba ko ɗan talaka na samun gurbi, an duba amfanin bincike ga nahiyar. Witwatersrand ta zo ta ɗaya, amma jami'ar koyon likitanci ta Muhimbili da ke Tanzaniya ta zo ta uku.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a yi watsi da jerin gaba ɗaya. Wani abin da yake tona mana gaskiya ne: ɗakunan gwaji ba kayan aiki, malami ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai, binciken digiri na uku da ke ƙarewa a kan kanta ƙura na ci. Kuma an ga abin da kuɗi da tsari ke yi. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, da ta shiga shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta, kamar yadda zaurukan Madabo da Sanka suke karɓa tun da.

Kirana ga hukumomin jami'o'in Kano shi ne su ci gaba da miƙa alƙalumansu, amma su matsa a NUC da majalisun Afirka a riƙa ƙirga aikin da aka yi da Hausa da Larabci, su kuma sa mujallunsu da kundayen ɗalibansu a intanet inda duniya za ta gani. Kai kuma uba ko uwa da ke neman wa ɗa gurbi, idan aka ce maka jami'a kaza ta zo ta kaza a Afirka, ka tambaya wane jeri ne, na wace shekara, me aka auna. Sannan ka je sashen da yaron zai shiga, ka tambayi su wa ke koyarwa a can, da su wa suka yaye.