Taswirar da ba ta jiran rezo

Bara da damina, a kartiyenmu a Damagaram, bango ya faɗa wa wata tsohuwa cikin dare. Ni na kira masu agaji. Da aka tambaye ni inda muke, sai na ce "bayan masallaci, kusa da mai niƙa". Masallatai nawa ne a Damagaram? Kafin in ƙara bayani rezo ya ɗauke. Da amalanke muka fitar da ita bakin titi. Allah ya sa ta rayu, amma tun ranar nake bin tarihin taswirar masu ceto.

Abin ya daɗe. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya sa alamar mamata gida-gida a kan taswira, sai aka ga sun taru kewaye da famfo guda, na titin Broad.

Babban sauyi ya zo ne daga Hayiti. Ran 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince, ga shi taswirar birnin da ke intanet kusan fayau take. Akwai OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, taswirar da kowa ke iya gyarawa. Aka saki hotunan tauraron ɗan adam, ɗaruruwan ƴan sa-kai a ƙasashe daban-daban suka zauna suna zana tituna da sansanonin waɗanda suka rasa gidaje. Masu ceto suka zuba taswirar cikin na'urorinsu na GPS, suka yi aiki da ita ba intanet. GPS sauraron tauraro kawai yake, ba ruwansa da kamfanin waya. A 2014 aka maimaita haka a Gekedu ta ƙasar Gini lokacin Ebola, a shekarar kuma aka kafa shirin Missing Maps don a zana wurare tun bala'i bai zo ba.

To, ga inda karatuna na ilimin harshe ya shigo. Tauraro yana ganin rufin gida, amma bai san sunan lungu ba. Taswirorinmu kuma da rubutun Faransanci muka gaje su: Tahoua, Zengou, Birni N'Konni. Mai kira cikin firgici Tawa zai ce, da Zango, da Ƙonni. Mu da kanmu Damagaram muke cewa, takarda na cewa Zinder. In akwatin bincike bai san sunayen biyu ba, taswirar na aljihunka amma ka ɓata.

Shi ya sa nake ganin aikin namu ne, ƴan uwa ɗalibai. OpenStreetMap tana karɓar suna fiye da ɗaya ga wuri guda, har da na Hausa. Kowa ya ɗauki kartiyensu, ya tambayi tsofaffi da ƴan kabu-kabu, ya rubuta sunan da baki ke faɗa, da rijiya, da kwalbati, da lungun da mota ba ta shiga in an yi ruwa. A sauke shi a waya da manhaja irin OsmAnd, a kuma buga shi a takarda shafi-shafi saboda ranar da babu kuran. Ni na fara da namu, na kai lungu 14, saura na bayan kasuwa.