Halasta Tabar Wiwi a Duniya: Ina Guguwar Za Ta Kai, Ina Kuma Za Ta Tsaya?

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin sauye-sauyen da dokokin tabar wiwi suka samu daga 2012 zuwa yau, domin tantance ko halasta ta zai game duniya. Matsayarta ita ce, izinin noma wiwi don magani da sassauta hukuncin mashaya za su ci gaba da yaɗuwa, amma buɗe kasuwar da kowane baligi zai shiga ya saya zai tsaya ne a 'yan ƙasashe ƙalilan. Abin da zai raba gardama shi ne ƙarfin hukuma na iya sa ido a kan abin da ta halasta.

Gabatarwa

Shekara hamsin cur duniya ta yi tana kan baki ɗaya game da wiwi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta sanya ta a rukunin da ya fi kowanne tsanani, sahu ɗaya da hiroyin. Bakin ya rabu ne a Nuwamban 2012, lokacin da masu ƙuri'a a jihohin Kolorado da Washinton na Amurka suka amince baligi ya sha wiwi don nishaɗi. A Disamban 2013 Yurugai, ƙarƙashin Shugaba José Mujica, ta zama ƙasa ta farko da ta halasta ta baki ɗaya, Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018. A Disamban 2020 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga wancan rukuni mafi tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25.

Wanda ya jera waɗannan shekaru zai ɗauka guguwa ce da ba mai tare ta. Sai dai matakan da ƙasashe suka ɗauka iri uku ne, kowanne da makomarsa. Na farko, ba da lasisin noma da sarrafawa don magani ko masana'antu. Na biyu, daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin da zai sha. Na uku, buɗe kantuna a sayar a karɓi haraji. Cakuɗa su wuri guda shi ke sa hasashe ya kuskure.

Abubuwan da ke ingiza halastawa

Babbar hujjar masu neman sauyi ita ce haramcin bai hana sha ba. Mujica bai taɓa cewa wiwi alheri ce ba. Abin da ya nema shi ne ƙwace cinikin daga hannun masu fataucin ƙwaya. A Amurka kuwa batun adalci ne ya yi tasiri: rahoton da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta fitar a 2013 ya nuna an fi kama baƙar fata da laifin wiwi kusan ninki huɗu a kan farar fata, alhali yawan shan kusan ɗaya ne. Matashin da aka ɗaure kan ƙulli ɗaya yakan fito da tabon da zai hana shi aiki har tsufansa.

Sai kuma magani. Kalifoniya ta buɗe wannan ƙofa tun 1996, kuma a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka tato daga wiwi, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Ra'ayin jama'a ma ya juya: a ƙididdigar Gallup ta 1969, kashi 12 cikin ɗari na Amurkawa ne ke goyon bayan halastawa, a 2023 suka kai kashi 70.

Na ƙarshe, kuma mafi ƙarfi, shi ne kuɗi. A 2018 kamfanin giya na Constellation Brands ya zuba kimanin dala biliyan 4 a kamfanin wiwi na Canopy Growth da ke Kanada, shi kuma Altria, mai sigarin Marlboro, ya sa dala biliyan 1.8 a kamfanin Cronos. Da zarar masu irin wannan jari sun shigo, sun zama masu kamun ƙafa a majalisa, kuma jihar da ta ɗanɗana harajin ba ta son ta rabu da shi. Shi ya sa daga cikin jihohi 24 na Amurka da suka halasta, ba wadda ta janye dokarta.

Abubuwan da ke taka birki

Duk da haka, fiye da shekara goma bayan Yurugai, ƙasa biyu kacal ce, ita da Kanada, ta kafa dokar sayarwa ga baligai a faɗin ƙasa. Ita ma Yurugai ba sakin linzami ta yi ba. Mai saye sai ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin, ya je gidan waya ya yi rajista. In ya isa kantin magani sai ya ɗora yatsa a na'ura, ita za ta nuna ko ya cinye rabonsa na giram 10 a mako, wato 40 a wata. Babu talla, baƙo ɗan yawon buɗe ido kuma ba a sayar masa. Da aka fara sayarwar a 2017, bankunan ƙasar sun yi barazanar rufe asusun kantunan, domin bankunan Amurka da suke hulɗa da su ba sa taɓa kuɗin wiwi. Ashe ƙaramar ƙasa ba ta da cikakken iko ko a kan dokar da ta yi da kanta.

Jamus ma, duk girmanta, ta ci karo da irin wannan shinge. Gwamnatin Olaf Scholz ta fara ne da niyyar buɗe kantuna, amma dokokin Tarayyar Turai suka tilasta mata rage buri. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2024 ta bai wa baligi damar riƙe giram 25 a waje, 50 a gida, ya shuka tushe uku, ko ya shiga ƙungiyar manoma da ba ta neman riba, wadda mambobinta ba za su wuce 500 ba. Irin tafarkin da Malta ta bi ke nan a 2021. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta halasta sha a keɓe a 2018, Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a dokar a 2024, amma saye da sayarwa suna nan a haramce.

Masu ƙuri'a su ma sun fara ja da baya. Mutanen Niyu Zilan sun ƙi amincewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2020, Oklahoma ta ƙi a 2023, Dakota ta Arewa da ta Kudu suka ƙi a 2024. A Fulorida an samu kusan kashi 56, alhali 60 ake buƙata. Jihohin Amurka da ke da sauƙin shawo kai an riga an gama da su. Waɗanda suka rage masu ra'ayin riƙau ne.

Hujjar lafiya ita ma tana ƙara nauyi, domin wiwin yau ba ta jiya ba ce. Sinadarin THC, wanda shi ke sa maye, bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a ganyen da aka kama a Amurka a 1995, amma a 2014 ya kai kashi 12, kuma manta da ake tatsa yanzu ya ninka haka sau da yawa. Binciken da Marta Di Forti da abokan aikinta suka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019 ya gano cewa mai shan wiwi mai ƙarfi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan ninki biyar. Kasuwa mai neman riba kuwa, da mai sha kullum take rayuwa, don haka ƙara ƙarfin kaya shi ne maslaharta.

Darasin Tailan

Ba inda wannan ya fito fili kamar Tailan. A ranar 9 ga Yunin 2022 ƙasar ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi, bisa matsawar ministan lafiya na lokacin, Anutin Charnvirakul, alhali majalisa ba ta zartar da dokar da za ta tsara cinikin ba. Cikin 'yan watanni dubban kantuna suka buɗe. A titin Khao San na birnin Bankok, shago na jingine da shago, kowanne da hoton koren ganye mai walƙiya a ƙofa, kwalabe jere a kan kanta an rubuta wa kowace sunan kayan da farashin giram. Iyaye da likitoci suka yi ta kokawa kan yara, ƙasashen waje suka yi ta kama matafiya da akwatuna cike da ganye daga Tailan. A Yunin 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba wanda zai saya sai da takardar likita. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: maƙwabtanta, irin su Singafo da ta rataye wani mutum a 2023 kan safarar kilo ɗaya na wiwi, sun samu hujjar ƙara riƙe matsayinsu.

Za a iya cewa Amurka ma ta haramta giya a 1920 ta dawo ta halasta a 1933, don haka wiwi ma lokaci kawai take jira. Amsa ita ce, giya tana da gindin zama a al'adar Turawa tun kafin haramcin, babu kuma yarjejeniyar duniya da ta ɗaure ƙasashe a kanta. Sin da Rasha da Japan ba su nuna alamar sassauci kan shan nishaɗi ba. A ƙasashen Musulmi kuwa, malamai tun zamanin Ibn Taimiyya sun sanya wiwi cikin kayan maye da shari'a ta hana, kuma ba ɗan siyasar da zai nemi ƙuri'a da saɓa wannan.

Afirka: noma don wasu

A nahiyarmu mataki na farko ne ke yaɗuwa. Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, Zimbabuwe a 2018, Maroko ta yi doka a 2021 don manoman tsaunukan Rif, Gana kuma ta amince da noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, bayan kotun ƙoli ta soke sashen dokar a 2022 majalisa ta sake zartar da shi a 2023. Duk don magani, masana'antu da kuɗin shiga ne, ba don sha ba. Abin damuwa shi ne tsadar lasisi da ƙa'idojin masu saye a Turai sukan fifita kamfani mai jari a kan talakan da ya gaji noman. Maroko ta gane haka, shi ya sa ta tara manoma cikin ƙungiyoyin gama kai, Sarki Muhammad na Shida kuma ya yi wa fiye da 4,800 daga cikinsu afuwa a 2024.

Najeriya ta gwada tsanani tun tuni. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, an kuma kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Amma binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ke shan ta. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi kiran a halasta noman don magani, shugaban NDLEA Buba Marwa kuma ya sha bayyana adawarsa da halasta sha. A ganina kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Ƙasar da aka riƙa sayar wa yara kodin da taramol a kantunan magani ba tare da takardar likita ba, wadda likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, ba ta da abin da za ta tsare kasuwar wiwi da shi. Haka nan tura matashi gidan yari kan ƙulli ɗaya, ya kwana da 'yan fashi, bai taɓa raba kowa da shaye-shaye ba.

Kammalawa

Halastawar za ta ƙara yaɗuwa, amma ba da fuska ɗaya ba. Wiwin magani za ta shiga mafi yawan ƙasashe, domin yarjejeniyar 1961 ita kanta ba ta hana ta ba. Janye ɗauri daga mashayi zai ci gaba a Turai da Kudancin Amurka da wasu sassan Afirka. Kantunan nishaɗi kuwa za su taƙaita ga ƙasashe masu wadata da hukumomi masu ƙarfi, kuma ko can tsarin Jamus da Yurugai mai takura riba ya fi na Kolorado mai neman riba alamar samun mabiya. Abin da ya kamata masu tsara dokokinmu su ɗauka daga wannan shi ne jerin aikin: a fara da cibiyoyin gyaran hali da horar da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, a bambanta mashayi da dillali a gaban alƙali, a tabbatar hukuma na iya tsare kantin magani. Ƙasar da ba ta yi waɗannan ba, ko ta haramta ko ta halasta, matasanta ne za su biya farashin.