Tafiyar Hajji a Ƙasa

Tafiyar Hajji a ƙasa ita ce doguwar tafiyar da maniyyatan ƙasar Hausa kan yi zuwa Makka da ƙafa, ko bisa jaki da raƙumi, kafin jirgin sama ya yawaita a shekarun 1950. Maniyyaci daga yammacin Katsina, yankin Batsari da Safana, yakan bi ta Kano ya nufi Borno, ya ratsa Chadi ta Abeshe, ya shiga Darfur, ya wuce Alfashir da Alubayyid har Khartum. Daga nan sai ya nufi Sawakin ko Bur Sudan, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda.

Hanyar ba ɗaya ba ce. Rijiya, damina, yaƙi da yawan guzuri su ke yanke inda ayari zai bi. In guzuri ya ƙare, sai a yada zango a yi ƙodago, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan da aka buɗe a 1925. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu ba su komo gida ba. Zuriyarsu na zaune a Sudan har yau, ciki har da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.