Yadda Aka Raba Gurnani da Ƙara: Tarihin Ƙaramar Amfilifayar Jita

Wanda ya je sayen ƙaramar amfilifaya don koyon jitar lantarki a ɗaki, da wuya tambayarsa ta farko ta wuce "wat nawa ce?" Mai shago ma da lambar yake talla, domin ita ce aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Sai dai lambar ba ta faɗin abin da mai saye yake bukatar sani. Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Katako ne curarre, ba shi da ƙoƙon da zai amsa sauti kamar na garaya ko gurmi. Abin da take fitarwa ɗan raunannen lantarki ne da maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yake tsinta, amfilifaya ce ke mayar da shi murya. Kuma muryar da duniya ta fi so a jita, wato gurnanin nan mai kaushi, ta samo asali ne daga akwatin da aka ƙure wa ƙara. Tarihin ƙaramar amfilifaya ta gida kusan gaba ɗayansa labarin yadda aka yi ta fama ne a raba wannan gurnani da ƙarar da ta haife shi.

A farkon al'amari duk amfilifayar jita ƙarama ce. A 1932 kamfanin da George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka kafa a Los Angeles ya fara sayar da jitar lantarki ta ƙarfe wadda ake ɗora wa a cinya, aka yi mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Kiɗan tsibiran Hawai ne ake yayi a Amurka a lokacin. A 1936 kamfanin Gibson ya fito da ES-150, jita da amfilifaya da waya a kan dala 150, kuma da irinta Charlie Christian ya nuna cewa jita za ta iya jan gaba a tsakiyar masu busa. Waɗannan akwatuna ba su wuce wat 10 zuwa 15 ba, kayan cikinsu kuwa na rediyon zamanin ne, wato kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi zafi kafin su fara aiki. Ba wanda ya kira su na koyo, tunda babu manya da za a gwada su da su.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ware akwati musamman don ɗalibi mai gyaran rediyo ne, kuma bai iya kaɗa jita ba. Leo Fender ya buɗe shagonsa a Fullerton ta jihar Kalifoniya a 1938, daga gyara ya koma ƙira. A 1948 ya fitar da Champion 800, mai wat 4 da lasifika mai faɗin inci 8, wadda daga baya aka taƙaita sunanta zuwa Champ. Makarantun koyar da jitar cinya su ne kasuwarta. Wanda ya leƙa bayan Champ ta ƙarshen shekarun 1950 zai ga kwalabe uku kacal: ɗaya tana gyara wutar da ta shigo, ɗaya tana ɗaga sautin jita, ta ukun tana tura lasifika. A samanta maɓalli ɗaya ne tak, shi ne na kunnawa, shi ne na ƙara, an rubuta masa lambobi daga 1 zuwa 12. Idan aka tsaya a ƙasa murya tana fita garau. Idan aka wuce rabi sai kwalbar ƙarshe ta kasa ɗaukar abin da ake ɗura mata, ta fara danne kan sautin, murya ta yi kauri, ta dushe, ta daɗe tana ja kafin ta mutu. A wurin Fender wannan aibi ne, domin burinsa sauti mai tsabta, irin wanda makaɗan karkarar yammacin Amurka suke so.

Makaɗa ne suka mayar da aibin ado. A 1951, a ɗakin naɗar sauti na Sam Phillips da ke Memphis, an ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilifayar Willie Kizart wadda lasifikarta ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Landan ya sa reza ya tsaga takardar lasifikar wata ƙaramar koriyar Elpico, da ita aka samu kaushin da ke cikin "You Really Got Me". A daidai wannan lokaci kuma taron 'yan kallo yana ta kumbura. Da 'yan ƙungiyar Beatles suka yi wasa a filin Shea na New York a watan Agustan 1965, a gaban mutum fiye da 55,000, amfilifayoyin Vox masu wat 100 ba su iya rinjayar ihun jama'a ba. A shekarar ne Jim Marshall, wanda ya fara ƙira a shagonsa na Hanwell a 1962, ya yi wa makaɗin jita Pete Townshend mai wat 100 da tarin lasifikoki da suka fi mutum tsawo. Daga nan hoton ya zauna a zukatan matasa: jita ta gaske sai da bangon lasifika a bayanta. Ƙaramin akwati ya koma kayan yara.

A ɗakunan naɗar sauti kuwa labarin daban ne, domin makirfo bai san girman akwati ba. Eric Clapton ya yi amfani da Champ wajen ɗaukar kundin Layla a Miami a 1970. Jimmy Page da ƙaramar Supro ya yi kundin farko na Led Zeppelin. John Deacon na ƙungiyar Queen, wanda ya karanta ilimin lantarki, ya tsinci wani allon kayan wuta a juji a Landan a 1972, ya saka shi cikin tsohon akwatin lasifika, ya haɗa masa batir mai bolt 9, Brian May kuma ya yi ta jera muryoyin jita da shi a kundayensu. Dalilinsu ɗaya ne. Ƙaramar amfilifaya tana kai wa ga gurnani tun kafin gilashin taga ya fara rawa.

A nan masu kishin tsohuwar ƙira suke kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Suna cewa tunda manya da Champ suka yi aikin da ake yabo, ai an warware matsalar tun 1948, mai koyo ya sayi mai kwalba mai wat 5 ya huta. Inda hujjar ta karye shi ne lissafin kunne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙara bisa ƙidayar wat. Sai an ninka ƙarfi sau 10 kafin ya ji ƙara ta ninka sau 2, ninka wat sau 2 kuwa desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, abin da da ƙyar ake lura da shi. Ke nan mai wat 100 ba ta fi mai wat 5 ƙara sau 20 ba, ba ta ma kai sau 3 ba. Lasifikar jita kuma, da wat 1 kacal, tana ba da desibel 90 zuwa 100 ga wanda ke tsaye mita 1 daga gare ta, alhali hira ta yau da kullum wajen 60 take, masana lafiyar kunne kuma daga 85 suke fara gargaɗi idan za a wuni a ciki. Champ da aka ƙure ƙarama ce a sutudiyo mai bango biyu. A ɗakin haya da ƙarfe goma na dare, maƙwabci na uku ma zai san waƙar da ake koyo. Wat 5 ta rage matsalar ne, ba ta kashe ta ba.

Injiniyoyi sun biyo ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce a samar da gurnanin tun a ƙananan kwalaben gaba, sannan a sa maɓalli na biyu da zai rage abin da ke isa ga lasifika. Randall Smith, wanda ya fara da yi wa Fender Princeton garambawul a Kalifoniya kafin ya kafa Mesa Boogie, shi ya yi nisa a wannan dabara ta jera matakan ɗaga sauti ɗaya bayan ɗaya, kamfanonin Fender da Marshall ma suka saka maɓallin na biyu a shekarun 1970. Hanya ta biyu ita ce a yar da kwalba a koma taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ba ta zafi kamar kwalba, ba ta fashewa, ga arha. Pignose, da ta shiga kasuwa a 1973, batir shida take ci, maɓallinta kuma an yi shi da siffar hancin alade. Amma gaskiya taransista ta fara da ɓata sunan ƙaramar amfilifaya. Idan aka ƙure ta ba ta danne sauti a hankali kamar kwalba, datse shi take yi, sai a ji wani zuza kamar zanzaro ya shiga gwangwani. Akwatunan arha da ake haɗa wa da jitar 'yan koyo a shekarun 1980 da 1990 su suka sa ake ganin kayan gida dole su yi mummunar murya. Wanda ya nuna ba dole ba ne shi ne Tom Scholz na ƙungiyar Boston, injiniya da ya yi karatu a MIT ya kuma yi aiki a Polaroid. A 1982, shekara 3 bayan fitowar Walkman na Sony, ya fitar da Rockman, ɗan akwati da ake maƙalawa a ɗamara a saurara ta abin kunne, babu lasifika sam. Ya tace sautin yadda zai yi kama da wanda aka riga aka naɗa a faifai, har ƙwararru suka riƙa ɗaukar waƙa da shi.

Hanya ta uku ce ta yi rinjaye, wato a koya wa ƙaramar kwamfuta halin kwalba da na lasifika ta riƙa kwaikwaya. Kamfanin Line 6 ya fara a 1996, ya biyo da POD a 1998, jan abu mai siffar ƙwayar wake. Micro Cube ta Roland ta zo a 2004 da wat 2, Yamaha THR a 2011, Boss Katana a 2016. THR ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba ta ma yi ƙoƙarin kama da akwatin dandali ba. An yi ta ne don a ajiye a kan tebur, da ƙananan lasifikoki biyu irin na rediyo, ana kunna waƙa daga waya a bi ta da jita. Katana kuma tana da makunnin da ke saukar da ita zuwa rabin wat. A ce kamfani yana alfahari da rabin wat, wannan kaɗai ya isa shaida cewa gasar ta juya baya.

Masu kwalba suna da sauran magana: kwaikwayo ba ya amsa yatsa kamar na asali, kuma babbar lasifika tana tura iska har mutum ya ji a ƙirjinsa. Na biyun gaskiya ne, na farkon ma gaskiya ne a kayan farko-farko, ko da yake tazarar ta ragu ƙwarai. Amma abin da ya kamata a gwada shi ne kwaikwayo a ƙarar ɗaki da kwalba a ƙarar ɗaki, kuma kwalbar da aka tsayar a lamba 1 ba ta da halin da ake yabonta da shi. Amsar ɗaya ce ga mai cewa gara a sayi babba tun yanzu, a koya da ita a gida, gobe a fita da ita biki. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna suka nuna cewa idan ƙara ta ragu, kunne ya fi saurin rasa sautin ƙasa mai kauri. Shi ya sa babbar amfilifaya da aka maƙure take fita siririya, ga maɓallinta da ɗan taɓi kaɗan ya tsallaka daga shiru zuwa tashin unguwa. Yawancin lokacin mai koyo a ɗaki yake ƙarewa. Ranar fita kuwa, a yau makirfo ake kafa wa ƙaramin akwati, ko a ja waya daga bayansa zuwa manyan lasifikokin taro, abin da Beatles ba su samu yadda ya kamata ba a Shea.

A yankinmu akwati mai aiki da batir yana da wata ma'ana da masu ƙirar ba su hango ba. Su don yawon shaƙatawa da kiɗan bakin titi suka yi shi. Amma jitar Abzinawa, daga Tinariwen na Kidal zuwa Bombino na Agadas da Mdou Moctar, wanda a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, ta girma ne a wuraren da ba a dogara da wutar gwamnati, inda ake biki a kan tabarma da janareto ko batir. Ga mai koyo a Zinder ko Kano, akwatin da ke aiki bayan an ɗauke wuta ya fi mai muryoyi ɗari da ke jiran a kawo ta. Akwai kuma tarkon kayan gwanjo. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar 220 zuwa 230, saboda haka amfilifayar da aka yi don kasuwar Amurka, in ba irin mai karɓar kowace wuta ba ce, tana iya ƙonewa a jonawar farko idan ba a sa mata na'urar rage wuta ba. Rubutun yana nan a bayanta, kusa da inda wayar wuta take shiga.

Saura masu cewa akwatin ma ya zama tarihi, tunda manhajar waya da abin kunne suna yin duk aikin. Ta fuskar sauti kusan sun yi daidai, Rockman ya nuna hanyar tun 1982. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne sauti a cikin ɗaki, wanda zai bugi bango ya dawo ya taɓa tsirkiya, malami da ɗalibi su ji shi tare. Ga kuma sauƙin abu mai makunni ɗaya, wanda ba ya neman caji ko sabuntawa, kira kuma ba ya katse shi. Kamfanonin sun lura da haka, shi ya sa sababbin akwatunan tebur suke ɓoye tarin zaɓinsu a cikin manhaja, su bar 'yan maɓallai a sama. Kamfanin Fender kuwa ya sake ƙera Champ ta 1957 da haɗin hannu, kwalabe uku da maɓalli ɗaya kamar dā, yana sayar da ita ga ƙwararru a kan kuɗin da zai sayi akwatunan 'yan koyo masu yawa.