Abinci, zane-zane da tausa a birnin Bangkok

Bangkok shi ne babban birnin ƙasar Tailan, a Kudu maso Gabashin Asiya, kuma yana bakin kogin Chao Phraya. Mutanen ƙasar suna kiransa Krung Thep. Ya zama babban birni a shekarar 1782, lokacin da Sarki Rama na Ɗaya ya kafa gidan sarautar Chakri. Daga cikin abubuwan da ke jawo baƙi zuwa birnin akwai abinci, zane-zane da tausar gargajiya. Dukkansu sun samo asali ne daga rayuwar mutanen gari, a kasuwa da bakin titi da gidajen ibada, kafin su zama sana'o'in da yawon buɗe ido ya dogara da su.

Abinci

Shinkafa da taliyar shinkafa su ne tushen abincin Bangkok. Ana haɗa tsami da zaƙi da yaji da gishiri a miya guda, ta hanyar amfani da lemun tsami, barkono, sukarin kwakwa, madarar kwakwa da romon kifi mai gishiri. Daga cikin sanannun girke-girke akwai pad thai, wato soyayyiyar taliya da ƙwai da gyaɗa da tsamiya, wadda gwamnatin Plaek Phibunsongkhram ta yayata a matsayin abincin ƙasa a wajajen 1940. Akwai kuma tom yum kung, farfesun jatan lande mai tsami da yaji, wanda UNESCO ta saka a jerin al'adun duniya a Disambar 2024.

Titin Yaowarat, a unguwar 'yan ƙasar Sin, shi ne wurin cin abincin dare mafi shahara. An mayar da 'yan kasuwar Sin wannan yanki a 1782 domin a gina fadar sarki a inda suke zaune. Da faɗuwar rana masu sayar da abinci suke kafa tebura da murhu a gefen titi har tsakar dare.

Littafin Michelin, mai ba gidajen abinci taurari, ya fara fitar da kundin Bangkok na shekarar 2018. A cikinsa aka ba Jay Fai tauraro ɗaya. Dattijuwa ce mai ƙaramin shago a titin Maha Chai, tana girki da kanta a kan gawayi sanye da tabarau na kariya, kuma an fi saninta da wainar ƙwai mai naman ƙaguwa. Gidan abinci na Gaggan ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafiya kyau a Asiya sau huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018. A ƙarshen 2024, Sorn, mai dafa abincin kudancin ƙasar, ya zama na farko a Tailan da ya samu taurari uku.

Mafi yawan mazauna birnin mabiya addinin Buda ne, kuma ana yawan amfani da naman alade da kitsensa a girki. Amma akwai tsoffin unguwannin Musulmi, kamar kewayen masallacin Haroon a Bang Rak, inda ake samun abincin halal. Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan ce ke ba da tambarin halal. Wasu girke-girken sun shigo ne ta hannun Musulmi, irin su miyar massaman, da khao mok kai, wato dafa-dukar shinkafa da kaza, da roti mataba.

Zane-zane

Tsoffin zane-zanen Bangkok suna jikin bangon gidajen ibada. A Wat Phra Kaew, cikin harabar fadar sarki, akwai zane mai kashi 178 da ya zagaye farfajiyar, yana ba da labarin Ramakien, wato yadda mutanen Tailan suke ba da tsohon labarin Ramayana na Indiya.

Zanen zamani ya kafu ne ta hannun Corrado Feroci, masassaƙi ɗan Italiya da ya zo ƙasar a 1923, daga baya ya ɗauki sunan Silpa Bhirasri. Makarantar da ya kafa ita ce ta zama Jami'ar Silpakorn a 1943, kuma manyan masu zanen ƙasar da dama ɗalibanta ne. A 1977 aka buɗe gidan zane-zane na ƙasa a tsohon ginin da ake buga kuɗi.

Cibiyar fasaha da al'adu ta Bangkok, wadda ake taƙaita sunanta da BACC, an buɗe ta a 2008 a mahaɗar Pathum Wan. Gidan zanen zamani na MOCA, wanda attajiri Boonchai Bencharongkul ya gina, ya fara aiki a 2012 a yankin Chatuchak. Tun 2018 ake gudanar da bikin baje kolin zane-zane na birnin duk bayan shekara biyu, inda ake kafa ayyukan zamani har a cikin gidajen ibada irin su Wat Pho da Wat Arun.

Gidan Jim Thompson ma yana cikin wuraren da ake ziyarta. Ba'amurke ne da ya farfaɗo da cinikin alharinin Tailan tare da masaƙa Musulmi 'yan ƙabilar Cham na unguwar Ban Krua. Ya haɗa tsoffin gidajen katako ya yi gidansa a 1959, ya cika shi da kayan tarihi. A 1967 ya ɓace a tsaunukan Cameron na Maleziya, ba a sake ganinsa ba.

Tausa da gyaran jiki

Tausar gargajiya ta Tailan ana kiranta nuad thai. Ana yin ta a kan katifa a ƙasa, mutum yana sanye da tufafi masu saki, kuma ba a shafa mai. Mai tausa yana danna jiki da yatsu da tafin hannu da gwiwar hannu da ƙafa, yana kuma miƙar da gaɓoɓi. Bisa ilimin gargajiyarsu, akwai manyan hanyoyi goma a jikin mutum da ake kira sen, su ne ake bi wajen dannawa.

Cibiyar wannan ilimi ita ce Wat Pho, gidan ibadar da ke da mutum-mutumin Buda a kwance mai tsawon mita 46. A zamanin Sarki Rama na Uku, a shekarun 1830, an sassaƙa bayanan magani da taswirar jikin mutum a kan allunan dutse aka manna a bango domin kowa ya karanta. UNESCO ta amince da waɗannan rubuce-rubuce a 2011, ta kuma saka nuad thai a jerin al'adun duniya a 2019. Makarantar koyon magani da tausa ta Wat Pho ta fara aiki a 1955, kuma tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje.

Ban da wannan akwai tausar ƙafa, da tausar mai, da gashi da ƙunshin ganyayyaki mai suna luk pra kob. Ana ƙulle gangamau da dangin citta da ganyen tsamiya da ɓawon lemo da kafur a ƙyalle, a turara shi, sannan a riƙa dannawa a jiki. Manyan otal-otal sun mayar da wannan sana'a ta masu hannu da shuni. Otal ɗin Mandarin Oriental ya buɗe nasa wurin a 1993 a ƙetaren kogi, ana kai baƙi da kwale-kwale. Ana shawartar mata masu juna biyu da masu ciwon ƙashi ko daskarewar jini su tuntuɓi likita kafin a yi musu tausa mai ƙarfi.

Ƙalubale

Bunƙasar yawon buɗe ido ta zo da takura ga waɗanda suka kafa waɗannan sana'o'i. Daga 2014 hukumar birnin ta tashi masu sayar da abinci daga tituna da dama da sunan tsafta da buɗe hanyar masu tafiya a ƙasa. A 2017 labarin cewa za a hana sana'ar baki ɗaya ya tayar da ƙura, sai hukumomi suka ce za a bar Yaowarat da titin Khao San. Wannan ya fi shafar ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, domin su ne suka dogara da abincin titi mai araha kullum.

A 2018 hukumar birnin ta nemi karɓe ragamar BACC daga gidauniyar da ke tafiyar da ita, amma ta janye bayan masu zane sun nuna adawa. A ɓangaren tausa kuwa, wasu gidaje da ke fakewa da sunan sana'ar suna karuwanci sun ɓata mata suna. Dokar wuraren kula da lafiya ta 2016 ta wajabta wa gidajen tausa samun lasisi daga Ma'aikatar Lafiya, ta kuma wajabta wa masu tausa yin rajista.